Zaman Ƙasar Waje da Kallon Finafinai: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

 A 'yan shekarun nan da wuya a zauna hira a ɗakin kwana ba a yi zancen fita waje ba, kuma da yawanmu abin da muka sani game da Turai a fim muka gan shi. Na taɓa yin wata shida a Landan wajen yayana, don haka nake so in yi bayanin yadda baƙo yake sabawa da rayuwar can, da kuma rawar da finafinai suke takawa a ciki.

Matakan Sabo

Wani masanin halayyar al'umma mai suna Kalervo Oberg ya yi rubutu a 1960 a kan ruɗewar da baƙo yake shiga a cikin baƙuwar al'ada. Ya kasa ta mataki huɗu. Da farko akwai ɗoki, lokacin da komai yake burge mutum. Daga nan sai ƙunci, inda kewar gida take taso shi gaba har ya riƙa ganin laifin mutanen gari. Na uku shi ne farfaɗowa, sannan na huɗu sabo. Mataki na biyu ne mai haɗari, domin a nan ne wasu suke kulle kansu a ɗaki, karatu ya lalace. Tun daga Janairun 2024 kuma Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai baƙi zuwa da iyalansu, ke nan mai tafiya ya shirya wa kaɗaici.

Ƙananan Abubuwa

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Abubuwan da suka fi wahalar da shi ƙanana ne. A Ingila mota tana bin hannun hagu, alhali Nijeriya ta koma dama tun 1972, saboda haka tsallaka titi ma sai an sake koyo. Tun 2014 motocin bas na Landan suka daina karɓar tsabar kuɗi, sai da katin Oyster ko na banki. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, a watan Yuni kuwa sai bayan 9 na dare, wanda hakan yana shafar barci da lokutan salla da tsawon azumi. Ana kuma sauya agogo sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. In an matsar da shi gaba lokacinsu ya zo daidai da namu, in an mayar da shi baya sai mu riga su da awa ɗaya.

Ina Amfanin Fim?

Na farko, fim yana horar da kunne. Ingilishin da ake yi a titin Landan ya bambanta da na littafi. Fim ɗin Rocks na 2019, wanda Sarah Gavron ta ba da umarni, labarin wata yarinya ce 'yar asalin Nijeriya da mahaifiyarta ta tafi ta bar ta da ƙaninta a gabashin Landan. Wanda ya kalle shi zai ji yadda matasan can suke magana, ya kuma ga cewa akwai talauci a Turai.

Na biyu, fim yana gargaɗi. Eyimofe na 2020 ya nuna mutum biyu a Legas, ɗaya yana burin Sifen, ɗaya Italiya, da irin abin da burin ya ci musu tun ba su tashi ba. Io Capitano na 2023 kuwa ya bi wasu samari biyu daga Dakar, ta Agadas da Libiya, har tekun Bahar Rum.

Na uku, fim yana riƙe wa mutum harshe. Ni da ba da Hausa na tashi ba, na san harshen da aka koya yana saurin zubewa idan ba a jin sa. Shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Labarina, da fim ɗin Mai Martaba wanda Nijeriya ta miƙa wa gasar Oscar a 2024, su ne suka riƙa tuna mini karin sauti da gaisuwa da karin magana.

Kammalawa

Sai dai a kula, fim na awa biyu ne, ba ya nuna layin ganin likita ko lissafin kuɗin haya. Wanda ya mayar da waya abokiyar hirarsa dare da rana zai daɗe a matakin ƙunci. Shawarata ita ce a fita a kalli fim a silima tare da abokan karatu, a tattauna bayan an tashi, a nemi masallaci ko coci da ƙungiyar ɗalibai tun makon farko. Duk mai niyyar tafiya kuma ya tambayi waɗanda suka zauna can kafin ya sayar da abin hannunsa. Allah Ya sa mu dace, amin.