Birni da Zango: wa zai sake yaɓe tsohon Damagaram?

A farkon watan Satumba na shekarar 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya zube. Da ƙasa aka gina shi tun tsakiyar ƙarni na 19. Ya ga sarakuna, ya ga shigowar Nasara a 1899, ya ga ƴancin kai, sa'an nan ya kwanta cikin ƙiftawar ido. Jama'a sun yi juyayi, aka ɗora wa damina laifi, kuma lalle daminar wannan shekara ta yi ɓarna a ƙasar Nijar baki ɗaya. Sai dai damina ba baƙuwa ba ce a Damagaram. Abin da ya ragu shi ne hannuwan da suka saba shirya mata tarba.

In ana son a gane yadda aka zo nan, sai an koma ga ciniki. Da ƙafa biyu garin ya tsaya. Akwai Birni, mazaunin sarauta, wanda Sarki Tanimun, da ya rasu a 1884, ya kewaye da ganuwa. Akwai kuma Zango, masaukin fatake, inda ayarin raƙuma daga Tarabulus da Gat da Agadas ke sauke kaya kafin su miƙa Kano. Gishirin Bilma, fatu, gashin jimina, tufafi, har da bayi (tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye), duk sun bi ta nan. Ribar wannan fatauci ce ta ta da sorayen da ake alfahari da su yau. Attajiri irin su Malam Yaro ba don masu yawon buɗe ido suka ƙawata ƙofar gida ba. Zanen bango shaida ce ga abokin ciniki cewa mai gidan ya isa a ba shi amana.

Daga baya hanyoyin suka kauce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin hamada ya soma mutuwa. A 1926 aka ɗauke babban birnin ƙasa aka kai Yamai. Kantuna da ofisoshi suka kafu a sabuwar unguwa, hada-hada ta tattara a Kasuwar Dole da bakin kwalta. Wanda ya samu kuɗi sai ya sayi fili a bayan gari, ya yi ginin siminti da rufin kwano, ya bar gidan kakanni ga magada goma sha, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gyara.

To, ginin ƙasa ba ya haƙuri da irin wannan jira. Duk magini ya san ƙa'idarsa: kafin ruwan fari a hau soro a toshe tsaga, a share indararo don kada ruwa ya kwanta, a duba azara ko gara ta ci, a sabunta yaɓe. Magabata na shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, domin ta kore ruwa. Aiki ne mai araha in ana yin sa a kan kari, mai tsadar gaske in an yi shekara biyar ana ɗaga shi. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, sukan lulluɓe bangon ƙasa da siminti. Nan ne ake kashe maciji ba a sare kansa ba: danshi ya shiga ta gindi, ya rasa mafita, bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa sumul, har ranar da zai ɓantare gaba ɗaya. A Zariya ma, a watan Agusta na 2023, wani sashe na babban masallacin da Babban Gwani ya gina ya rufta kan masallata, aka yi asarar rayuka. Maganar ta wuce ta ado.

Takardu kam ba mu rasa su ba. Akwai doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 a kan kiyaye kayan tarihi. Tun 2006 Birni da fadar sarki ke cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO. A 2018, lokacin bikin 18 ga Disamba da aka yi wa laƙabi da Zinder Sabuwa, an shimfiɗa tituna, an yi gine-gine, garin ya sha kwalliya. Shekara shida ba su cika ba masallacin ya faɗi.

Agadas ta riga mu samun abin da muke nema. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garinta, mai unguwanni 11 da hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, cikin kayan gadon duniya. Amma shaidar ta zo bayan tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 sun kori baƙi, maƙeran azurfa da dukawa suka zauna suna kallon kayansu. Abin da ya riƙe hasumiyar tsawon ƙarnuka shi ne al'adar sake yaɓe ta lokaci zuwa lokaci, bisa jagorancin fadar Sarkin Abzin, da hannun mutanen gari. Haka a Jenne ta ƙasar Mali: rana guda a shekara gari duka ke fitowa, yara na ɗaukar laka, mata na kawo ruwa, magina na bisa bango, kuma a filin ƙofar masallacin ne kasuwar Litinin ta saba ci. Wanda ke samun abincinsa a inuwar bango ba sai an roƙe shi ya kawo kwandon ƙasa ba. Mu ma muna da sunan wannan aiki tun kaka da kakanni: gayya.

Mai karatu na Sabon Maci, can kan hanyar Dakoro, zai iya cewa ina ruwan biri da gada, tunda garinsu ba shi da ganuwa balle fada. Ya tuna da Maraɗi, inda yake zuwa saro kaya. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin fadamar Gulbi, Nasara suka mai da shi kan tudu, suka yanka masa tituna miƙaƙƙu. Ciniki ya bunƙasa, Alhazan Maraɗi suka yi suna har ƙetare, amma sai mutum ya wahala kafin ya nuna wa ɗansa bangon da ya ga zamanin Ɗan Baskore.

Kuma misalin da ya fi ba ni sha'awa daga ƙauye ya fito. A Dandaji, cikin jahar Tawa, da aka yi niyyar sabon masallaci, ba a rushe tsohon ba. Mariam Issoufou Kamara, ƴar ƙasar nan mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, sun mai da shi ɗakin karatu, aka kira magina na gargajiya suka gyara shi, aikin ya kammala a 2018. A garin kuma aka gina kasuwa da tubalin ƙasa matsattse, kewaye da tsohon iccen da mutane suka saba ciniki a gindinsa, don kasuwar mako ta zama ta kullum. Jahar ce dai ta ba mu Falke Barmu, maginin masallacin Yama, wanda aikinsa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Duk mai cewa ginin ƙasa na talaka ne, sai ya je ya ɗaga kai ya duba.

A ganina, abin da Birni da Zango ke bukata bai fi ƙarfin gari ba. Ma'aikatar magajin gari ta sassauta haraji ga duk baduku, maɗinki ko mai shago da ya buɗe sana'a cikin tsohon zaure, da sharaɗin ya riƙa yaɓe shi. Fada ta shiga tsakanin magada, domin gidan da ba a raba gadonsa ba shi ne ke fara faɗuwa. Attajiran garin, waɗanda ba su gajiya wajen gina sababbin masallatai, su ɗauki nauyin almajiran magina, tun dattawan da suka iya ɗaurin guga suna da rai. A kuma tsai da ranar gayya guda a shekara, unguwa-unguwa, cikin watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin hadari ya soma haɗowa daga gabas.