Ka Sayi Waƙa, Amma Ta Wa Ce?

'Yan'uwana ɗalibai, kusan kowa a cikinmu yana da waƙoƙi a wayarsa. Waɗansu sun saya a intanet, waɗansu sun kwafa daga faifai, waɗansu kuwa sun kai memori wurin masu turi a kasuwar Kafanchan an cika masu da 'yan kuɗi kaɗan. To, tun da mu ne za mu koyar da yara gobe, ya kamata mu san abin da doka ta ce game da wannan al'amari.

Da fari dai, wanda ya sayi buhun citta a kasuwa bai sayi gonar ba. Haka waƙa ta ke. In ka biya kuɗi, ka sayi damar saurare ke nan, amma ikon kwafa da rarrabawa da sayarwa yana hannun mai ita. Wannan iko shi a ke kira haƙƙin mallaka. Dokarsa ta 1988 ita ta yi aiki shekaru da yawa, sa'an nan aka yi sabuwa a 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa mata hannu a watan Maris na 2023. Akwai kuma hukumar gwamnatin tarayya mai lura da ita.

Haƙƙin nan ba ya mutuwa tare da mawaƙi. Kalmomi da karin waƙa suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, ɗaukar murya a faifai kuwa shekara 50 daga fitowarta. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, watau haƙƙin waƙoƙinsa zai kai 2069. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, nasa sai 2085.

To, in ka sayi faifai ka juye shi a wayarka don kai kaɗai ka riƙa ji, ka yi laifi? Dokarmu ta bar ƙofa ga amfani na adalci, kamar amfanin kai, da nazari, da sharhi, da ba da labari. Abu huɗu a ke dubawa: nufin mai kwafa, da irin aikin, da yawan abin da ya ɗiba, da kuma ko ya rage wa mai shi kasuwa. Wanda ya biya ya ajiye don kunnensa bai rage wa kowa ciniki ba. Amma kada a ɗauka abin mai sauƙi ne. A Ingila an halatta irin wannan kwafi a 2014, sai kotu ta soke dokar a 2015, bayan mawaƙa sun kai ƙara cewa ba a tanadar masu diyya ba.

Inda magana ta ke fili shi ne rarrabawa. In ka tura wa abokai goma ta Xender, ko ka zuba a zauren WhatsApp, mutum goma ke nan da ba za su saya ba. Mai turi da ke karɓar kuɗi ba da iznin mai waƙa ba, hatsin wani ya ke sayarwa. Ku tuna da ƙungiyoyin mawaƙan coci da na zumuntar mata a ƙasarmu, masu tara gudummawa su biya situdiyo. In faifai ɗaya ya cika gari, ina za su mai da kuɗinsu, balle su yi na biyu?

Malami yana iya sa wa aji wani yanki na waƙa don darasi, muddin ba ciniki ba ne, ya kuma ambaci mai ita. Mu saba da wannan tun yanzu. Yaron da ya ga malaminsa yana girmama gumin wani, shi ma zai girmama.