KAFIN KA CE YARONKA MANTUWA GARE SHI, DA WANE YARE KA TAMBAYE SHI?



Iyaye da yawa suna neman maganin mantuwa saboda yaro ba ya riƙe karatu. Amma ka lura da kyau: yaron nan zai kawo maka tatsuniyar da kakarsa ta yi masa bara, bai zubar da ko gaɓa ɗaya ba. Abin da ke sulale masa shi ne na aji, wanda ake koyarwa da Turanci ko Faransanci. To, ina mantuwar take?

Ga yadda abin yake. Idan aka faɗa maka lambar waya, maimaita ta kake yi a zuci don kada ta gudu, kuma wannan ma'ajiya ba ta ɗaukar fiye da abin da baki zai furta cikin kamar daƙiƙa 2. Yaren da ya zauna maka a baki, da sauri kake maimaita shi, sai ka riƙe da yawa. Wanda kake lalube a cikinsa kuwa, kafin ka kai ƙarshe farkon ya tafi. A 1980, masu bincike Ellis da Hennelly sun gwada masu jin yaren Welsh da Turanci a Birtaniya, suka ga sun fi riƙe jerin lambobi da Turanci, don kawai lambobin Welsh sun fi ɗaukar lokaci wajen furtawa. Mutum ɗaya ne fa, ƙwaƙwalwa ɗaya!

Nan gida yake shigowa. Yaron da ake hira da shi, ana masa labari, ana amsa tambayoyinsa, yana tara kalmomi, kuma kalmar da ka sani ta fi sauƙin riƙewa. Wanda iyayensa ke jin yaren makaranta ya shiga aji da guzurinsa. Ɗan uwansa da bai taɓa jin yaren ba sai ranar farko, aiki biyu yake yi: fassara da haddacewa. Don Allah kada ka kira shi daƙiƙi. Ka sa ya yi maka bayanin darasin da Hausa tukuna, za ka sha mamaki. Kuma kada ka hana shi yaren gida wai don ya iya na boko, wannan kuskure ne babba.

Tsofaffi ma haka. A 2013 an duba masu ciwon ruɗewar tsufa 648 a Haidarabad ta Indiya, aka ga masu yare biyu alamun sun jinkirta musu da kusan shekara 4 da rabi, har da waɗanda ba su yi boko ba. Idan ciwon ya kama kuwa, sau da yawa yaren da aka koya daga baya ne ke fara tafiya. In kaka ta koma Fulatanci ko Barbarcin yarintarta, a samo mai yi mata magana da shi.

Amma idan magana ta rikice farat ɗaya, baki ya karkace ko hannu ya saki, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya asibiti nan take.