FJ, BJ, HZJ: Abin da Haruffan Land Cruiser Suke Nufi

Daga Tawa zuwa Agadas, daga Damagaram zuwa Difa, motar Toyota Land Cruiser ita ce abokiyar tafiyar ma'aikatan gwamnati, da likitoci, da fatake. Direbobi sukan ce wannan FJ ce, waccan kuwa BJ ce. Amma mutane da dama suna zaton waɗannan haruffa ado ne kawai. Alhali kuwa kowane harafi yana ɗauke da bayani.

Asalin al'amarin yana ƙasar Japan. A shekarar 1951 kamfanin Toyota ya ƙera wata mota mai shiga daji, ya sa mata suna Toyota Jeep BJ. Harafin B sunan injin da ke cikinta ne, J kuwa farkon kalmar Jeep. Da yake sunan Jeep mallakin kamfanin Willys na Amurka ne, sai aka sake wa motar suna a 1954, ta koma Land Cruiser. Sunan ya tafi, amma harafin J ya zauna.

Tun daga nan ƙa'idar ba ta sāke ba: abin da ya zo kafin J shi ke faɗin irin injin. FJ40, wadda ta fito a 1960, tana da inji F mai silinda shida, mai shan isansi. HJ45 ta 1972 tana da inji H mai silinda shida, mai shan gazuwal. BJ40 ta 1974 ita ma gazuwal take sha, amma silindarta huɗu. A nan sai a lura: injin B na 1951 na isansi ne, suna kawai ya haɗa shi da na 1974. A 1990 aka fito da HZJ, mai inji 1HZ na gazuwal, mai lita 4,2, wanda ya yi suna wajen jure wahala.

Lambar da ke bin haruffa ita ce ke nuna zubin motar. Alal misali, 40 gajera ce, 45 kuwa doguwa.

Wannan sani yana da amfani ƙwarai. FJ40 da BJ40 sun yi kama ainun a ido, amma wanda ya zuba isansi a tankin BJ40 yana iya lalata famfon man injinta, kuma gyaransa na cin kuɗi masu yawa. Hakanan wanda ya aika birni a sayo masa kayan gyara, bai faɗi haruffan ba, yana iya samun abin da ba zai shiga ba, motar ta yi kwanaki a ƙauye, maras lafiya na jira.

Ana samun haruffan a ƙaramin allon ƙarfe da kamfani ya liƙa a jikin motar. Saboda haka, mai karatu, kafin a zuba mai ko a sayi kayan gyara, a duba allon nan, a karanta shi harafi bayan harafi.