Sabon Allo a Tsohon Akwati: Yadda Ake Raya Na'urorin Finbol

Lanham ƙaramin gari ne a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, arewa maso gabas da birnin Washington, maƙwabcin Greenbelt inda cibiyar Goddard ta hukumar NASA take. Gidaje da yawa a wannan yanki suna da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, kuma a irin waɗannan ɗakuna ne tsoffin na'urorin wasan finbol sukan ƙare bayan sun gama aiki a shaguna da gidajen cin abinci. Lokacin zafi a Maryland yana zuwa da laima mai nauyi, ɗakin ƙasa kuwa ya fi ko'ina tara ta. Na'urar da aka rufe aka manta da ita shekara ashirin a irin wannan wuri, da wuya a kunna ta ta tashi. Katakonta yana nan, fentinta yana nan, amma allon lantarkin da ke sarrafa ta ya mutu.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, finbol tebur ne mai gangara a kan ƙafa huɗu, an rufe shi da gilashi, da akwati a tsaye daga can kansa inda ake nuna maki. Mai wasa yakan jefa sulalla, ya harba ƙwallon ƙarfe, ya riƙa tare shi da wasu 'yan hannaye biyu da ke ƙasan teburin don kada ya zurare. Birnin Chicago ne gidan wannan sana'a. Kamfanin Gottlieb ya fitar da Baffle Ball a 1931, Ballyhoo ta biyo baya a 1932, wadda daga gare ta kamfanin Bally ya samo sunansa. 'Yan hannayen nan sai a 1947 suka bayyana, a wata na'urar Gottlieb mai suna Humpty Dumpty. Kafin su, wasan ya fi kama da sa'a, shi ya sa hukumomi suka ɗauke shi caca. Birnin New York ya haramta shi a 1942, bai ɗage haramcin ba sai 1976.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970, babu kwamfuta a cikin waɗannan na'urori. Komai da maganaɗisu da ƙaramin inji da makunnai ake yinsa, maki ma a kan wasu 'yan gargare masu juyawa ake ƙirga shi. A 1977 manyan kamfanonin suka koma ga ƙwaƙwalwar lantarki kusan a lokaci guda: Bally da Williams suka ɗauki Motorola 6800, Gottlieb kuma ya ba kamfanin Rockwell aikin ƙera masa nasa tsarin, wanda ya fara aiki a na'urar Cleopatra. Wannan zaɓi da kowannensu ya yi shi ne ya yanke wace na'ura za ta yi sauƙin gyara bayan shekara arba'in.

Abin da ke kashe allo

A ɗauki allon Bally na wancan zamani, mai lamba AS-2518-17 da ƙaninsa mai lamba 35. A kansa akwai ƙwaƙwalwar 6800, wadda ke bugawa kimanin sau rabin miliyan a daƙiƙa, da ma'ajiyar wucin gadi ta 6810 mai ɗaukar bayit 128 kacal, da wata ƙaramar ma'ajiya mai lamba 5101. Ita wannan ta ƙarshe ita ke riƙe lissafin kuɗin da aka jefa da maki mafi yawa da aka taɓa ci, kuma don kada ta manta idan an kashe wuta, sai aka liƙa mata batir mai caji a kan allon kansa, daga ƙasa. Masu ƙirar ba su yi wauta ba. Na'ura ce ta kasuwa da ake sa ran za ta yi 'yan shekaru tana kawo kuɗi a maye gurbinta da sabuwa, babu wanda ya yi lissafin batirin zai kwana a wurin har jikoki.

Idan batirin ya tsufa yakan yi yoyo. Mutane sukan ce asid ne ya zubo, alhali kishiyarsa ne: sinadari ne dangin sodar da ake sabulu da ita, kuma tururinsa ma yana ɓarna, ba ruwan kaɗai ba. Yakan bi siraran layukan jan ƙarfe da ke kwance a kan allon, ya shige ƙarƙashin koren fentin da ya rufe su, ya ci su ta ciki kamar yadda gara ke cin azara, daga waje ana ganin lafiya lau. Ƙafafun kayan aiki su yi kore ko toka-toka, dalmar da aka liƙa su da ita ta ƙi narkewa yadda ya kamata. Daga nan ya haura cikin soket, ya gangara cikin wayoyi. Masu gyara sukan cire duk abin da ya taɓu, su wanke wurin da binega da ruwa don kashe kaifin sinadarin, su kankare har jan ƙarfe ya fito fes, su sa sabbin kaya. Wani lokaci gyaran yakan riƙe. Wani lokaci kuma bayan watanni ɓarnar ta sake ɓullowa daga wani ramin da ba a gani ba.

Williams ya yi amfani da batir irin na tocila ƙanana guda uku, su ma a kan allo, su ma suna yoyo. Yana da wata cutar ta daban: a na'urorinsa na farko allon ƙwaƙwalwa da allon tura wuta suna haɗe ne da wani mahaɗi mai ƙafa 40, wanda girgiza da zafi suke sassauta shi har na'urar ta riƙa rikicewa.

Gottlieb ne ya fi shiga uku. Ƙwayoyin da Rockwell ya yi masa na musamman ne, an zuba wani ɓangare na umarnin na'urar a cikinsu tun daga masana'anta, kuma an daɗe da daina yin su. Masu gyara suna kiransu gizo-gizo saboda yadda ƙafafunsu suka baje. In ɗaya ta ƙone, ba kasuwar da za a je a saya, sai dai a ciro daga wani mataccen allon. Kamfanin da ke ƙera na'urorin Gottlieb ya rufe a 1996. Williams, wanda ya sayi sashen finbol na Bally a 1988, ya daina ƙera finbol a watan Oktoba na 1999, shekara bakwai kacal bayan ya fitar da The Addams Family da ta sayu fiye da guda 20,000.

Allon da masu sha'awa suka ƙera

Abin da ya ceci waɗannan na'urori takarda ce. Kowace na'ura takan zo da littafinta, a ciki da cikakken zanen yadda wuta ke bi, kowane layi da sunansa, kowane ƙaramin abu da lambarsa da ƙimarsa. Kamfanonin sun yi haka ne don mai na'ura a wani gari mai nisa ya iya gyara kayarsa da kansa, kada kuɗi ya daina shiga. Wannan zane shi ne ya ba mutanen baya damar sake gina allon daga tushe. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda ke ɗaga ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero biyu ba da iska mai zafi, zai ga allon Bally aikin yara ne ta fuskar hannu. Abin da zai ba shi mamaki shi ne kamfani da kansa ya miƙa wa mai saye taswirar kayansa.

Sabbin alluna sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda suke bin tsohon zane kusan layi da layi, sai dai a gyara inda aka san yana da rauni: a cire batir gaba ɗaya a sa ma'ajiyar zamani da ba ta mantuwa ko babu wuta, a faɗaɗa layukan da ke ɗaukar wuta mai yawa, a ƙara fitilun da ke nuna ko kowane layin wuta yana aiki. Allon Alltek na na'urorin Bally da na kamfanin Stern ya ƙara wani abu a kan haka, domin an zuba masa manhajar wasanni masu yawa, mai shi ya zaɓi wasan da yake so da 'yan ƙananan makunnai. Gida na biyu su ne waɗanda dole ta sa suka sake tunani. Tunda ba a samun ƙwayoyin Rockwell, allunan Ni-Wumpf na Amurka da PI-1 na Faransa sun sa wata ƙwaƙwalwa daban ta yi aikin da tsohuwar ke yi. A Jamus an yi LISY, wanda ke ɗora ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi a kan allo ta kwaikwayi tsohuwar na'urar.

Yau mutum ɗaya a ɗakinsa yana iya zana allo da manhajar KiCad, wadda kyauta ce, ya aika fayil ɗin ta intanet zuwa wata masana'anta a Shenzhen ta ƙasar Sin, a buga masa guda biyar a aiko. Wannan sauƙi ne ya haifar da sayar da allo a warwatse: fanko babu komai a kansa, da ƙunshin kayan da za a ɗora, da takardar bayani, mai saye ya haɗa da hannunsa.

A ganina wannan hanya ta fi sayen haɗaɗɗe daraja, ba don arha kawai ba. Wanda ya liƙa kowace ƙafa da kansa ya san inda komai yake, ranar da na'urar ta sake ciwo ba zai tsaya yana kallonta ba. Aikin yana da tsari. Ana farawa da gajerun kaya, su rizista da dayod, don allon ya kwanta daidai a kan tebur, sannan soket, sannan kafasita da dogayen ƙafafun mahaɗai. Dayod da babban kafasita suna da gaba da baya, in aka juya su ɓarna ce. Dalmar da ta kama da kyau takan yi sheƙi ta rungumi ƙafar, wadda ba ta ji wuta ba takan dunƙule ta yi dishi-dishi, kuma ita ce uwar matsalar da ke zuwa tana tafiya. Dalmar gargajiya tana da gubar darma a ciki, don haka a buɗe taga, a wanke hannu kafin a ci abinci. Kafin a dasa ƙwaya ko ɗaya a soket, sai an ba allon wuta an auna an ga bolt 5 yana isa inda ya kamata. Mai koyo gara ya fara da allon da ke mayar da wutar taransifoma zuwa wadda na'urar ke sha, domin kayansa manya ne, kaɗan ne, kuma a na'urorin Bally kusan kullum ana samun ƙafafunsa sun ƙone.

Injiniyoyin Bally sun bar wa na baya wata kyauta. A kan allon akwai ƙaramar fitila guda, wadda idan an kunna na'urar takan ɗan ƙyafta, sannan ta haska sau bakwai, kowane haske shaida ce cewa wani sashe ya ci jarrabawa. Na farko na ma'ajiyar manhaja ne, na biyu na 6810, na uku na 5101, na huɗu da na biyar na ƙwayoyi biyu da ke magana da makunnai da fitilu, na shida na agogon da ke kula da allon maki. Na bakwai yana jiran alama daga layin bolt 43 mai tura maganaɗisu. In fitilar ta tsaya a biyu, mai gyara ya san ya nufi wajen 5101, maƙwabciyar batir. In ta tsaya a shida, sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau, fis ne ya ƙone a wani wuri. Da fitila ɗaya da ƙirga zuwa bakwai, mutumin da ba shi da kayan awo masu tsada yana iya gane ciwon kwamfuta.

Sabon allo ba ya warkar da na'ura shi kaɗai, kuma nan ne masu gaggawa suke asarar kuɗi. Idan wani naɗin maganaɗisu a ƙarƙashin tebur ya ƙone, ko dayod ɗin da ke kansa ya mutu, zai kashe taransistan sabon allon kamar yadda ya kashe na tsohon. Mahaɗan wayoyin da tururin batir ya taɓa, in ba a sake musu ƙafafu ba, za su kai cutar kan sabon. Allon maki na Bally yana aiki da bolt 190, wanda ba a wasa da shi. Wanda kuma ya kawo irin wannan na'ura daga Amurka zuwa Najeriya ko Nijar ya tuna an saita ta ne a kan wutar bolt 120, tamu kuwa ta kusa ninka haka, sai an sauya haɗin taransifoma kafin a kai ta ga soket.

Akwai saɓani tsakanin masu wannan sha'awa a kan ko ya dace a cire allon asali. Ra'ayina shi ne allon da batir bai ci ba a gyara shi, domin kayansa na gama-gari ne kuma ya riga ya nuna ƙarkonsa. Wanda ya ciwu har cikin ramuka a sauke shi, amma kada a zubar. A cire masa batir, a sa shi a leda a ajiye cikin akwatin na'urar, saboda ƙwayoyin da ke kansa na iya raya wata.

Yankin Washington ya taɓa gwada adana wannan tarihi a gidan kallo. David Silverman, wanda ya tara na'urori sama da 800, ya buɗe National Pinball Museum a unguwar Georgetown a watan Disamba na 2010. Rashin tabbataccen wurin haya ya kai gidan Baltimore a 2012, ya rufe a 2013, aka yi gwanjon kayan suka bazu a hannun mutane. Wanda ke Lanham yake son jin ƙarar ƙwallon a kan tebur, College Park ba nisa, inda kantin MOM's Organic Market ya keɓe wa na'urorin finbol wuri, jama'a suna shiga suna bugawa.