Awon Zafin Ruwan Gaɓar Teku Daga Sararin Samaniya

Kowane abu mai ɗumi yakan fitar da haske wanda ido ba ya gani, wato infared. Da shi ne taurarin ɗan'adam ke auna zafin fuskar teku. Na'urar AVHRR, wadda Amurka ta harba a 1978, takan ɗauki faɗin fiye da kilomita 1 a matsayin ɗigo guda. Saboda haka a gaɓa zafin tudu yakan gauraya da na ruwa. Wannan ya sa ake ƙera ƙananan taurari masu arha domin su ga gaɓa dalla-dalla, ko da yake gajimare kan tare hasken.

Amfanin awon a fili yake. A gaɓar Ghana, daga Yuli zuwa Satumba, ruwa mai sanyi kan taso daga ƙasa ɗauke da abincin kifi. Inda sanyin ya bayyana, nan masunta ke samun kamu.