Abin da Ya Fasa Comet a Sama

Ranar 10 ga Janairu, 1954, jirgin Comet na kamfanin BOAC ya tashi daga Rum zai tafi Landan da mutum 35. Matuƙin yana tsakiyar magana ta rediyo da wani jirgi, sai muryarsa ta ɗauke. Masuntan tsibirin Elba suka hango tarkace na zubowa cikin teku. Ba wanda ya tsira.

Comet, ƙirar kamfanin de Havilland, shi ne jet na farko da ya soma jigilar fasinja, a 1952, kuma a lokacin Ingila na tinƙaho da shi. Bayan haɗarin aka dakatar da shi, aka yi ta zargin bam ko gobara, aka yi masa gyare-gyare bisa hasashe, aka mayar da shi aiki a watan Maris. Garaje ne tsantsa. Ranar 8 ga Afrilu wani Comet ɗin ya tarwatse kusa da Naples da mutum 21.

Gawarwakin Elba ne suka ba da alamar farko. Likita ya tarar huhu ya fashe, ƙoƙon kai ya tsage. Wato iskar da ake matsewa cikin jirgi don fasinja su iya numfashi can sama ta fice farat ɗaya. To, ta ina?

Sojojin ruwa suka riƙa tsamo tarkace daga ƙasan teku, ana kai wa masu bincike a Farnborough, ƙarƙashin Arnold Hall. A jikin wutsiyar jirgin suka ga ƙyallayen kafet na ɗakin fasinja sun maƙale. Ashe ɗakin ne ya fara fashewa, wutsiya na nan daram.

Daga nan suka yi dabarar da ta fi burge ni. Suka nutsar da gangar jikin wani Comet cikin ƙaton tankin ruwa, suna ɗura masa ruwa suna ragewa, kowane zagaye a madadin tashi da sauka ɗaya. Da iska suka yi amfani, da jirgin ya yi bindiga, shaida ta watse. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Da lissafi ya kai 3,057, har da tafiye-tafiyensa na baya, jikin ya tsage a kusurwar wata taga.

Ƙarfen ne ya gaji. Kowace tafiya jikin ya kumbura ya saɓe, kamar waya da ake ta lanƙwasawa har ta karye, kuma nauyin a kusurwa yake taruwa. Da aka tsamo rufin jirgin Elba, ga tsagar nan ta faro daga ramin ƙusa kusa da 'yar tagar eriya. Masu ɗora laifin duka kan kusurwoyin tagogin fasinja sukan manta da wannan.

Comet 4 ya fito a 1958 da fata mai kauri da tagogi masu zagaye, amma Boeing 707 ne ya kwashe kasuwa.